Muryoyin da Aka Yanke wa Suna

Shekara shida ke nan da ƙanena Bello ya rasu a kan hanyar Diggi zuwa Kalgo. Taya ce ta fashe, mota ta ƙwace, ta yi juyi biyu. Ni ke tuƙi. Shi ya cika kafin a kai asibiti, ni na tashi da ƙafar hagu da ba ta lanƙwasawa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ban yi boko ba. Abin da kuke karantawa da bakina na faɗa, uwar 'ya'yansa Malama Hauwa ta rubuta, na kuma ce mata kada ta shafa wa maganata mai. Duk shekara sai an ce in faɗi wani abu a kansa, ina ƙi. Bana na yarda, don akwai abin da in ban faɗa ba zai bi ni kabari.

Mu biyu mahaifinmu ya bari a Ceberu, ƙasar Gwandu. Ni na riƙe gona da sitiyari, shi ya riƙe takarda. Ya yi ta karatu har ya zama malamin jami'a, yana koyar da aikin gona, ya kama gida a Kalgo. In ba ni da lodi ni nake kai shi duk inda za shi, don Bello in ya kama sitiyari har kajin hanya sai sun yi salati.

Wata shekara aka tura shi bita can wani babban birni, a koya wa malaman jami'a yadda ake koyarwa da na'ura. Kwana biyar ya yi. Na je tasha ɗauko shi, na tambaye shi abin da ya samo. Ya ce, "Yaya, an koya muna tuƙin jirgin sama, ga mu da jaki a ƙofar gida." Abin da aka nuna musu duk yana son wuta da ba ta ɗaukewa, da majigi, da sabis mai ƙarfi. Ɗalibansa kuwa wani sai ya hau tudu kafin saƙo ya shiga wayarsa.

Bai tsaya ƙorafi ba. Ya ce abin da ke hannun kowa shi ne ƙaramar waya, kuma kowa yana da kunne. Sai ya fara yanka darasinsa gunduwa-gunduwa, yana ɗauka da murya, kowane kada ya wuce minti uku, a tura daga waya zuwa waya ko babu data. Ɗalibi ya saurara a kan babur, ya saurara a gona, ya zo aji da tambaya. Daga nan ya ce muryarsa kaɗai ba ta isa ba. Ya ce shi a littafi ya san ƙasa, akwai waɗanda suka san ta da tafin ƙafa. Muka fara yawon ƙauyuka, yana ɗaukar muryar manoma. Dangoma, Diggi, Ceberu da ƙauyukan da ke tsakaninsu, babu inda ban kai shi ba.

Abokan aikinsa suka sa masa suna Malam Rediyo. Bai damu ba. Ya ce duk mai son koyo ya zo gidansa ranar Asabar da hantsi. Tabarma biyu ce a gindin darbejiya, sai buta da kwanon fura. Mutum shida ko bakwai ke zuwa. Nan na ga manyan malamai suna koyon danna waya kamar masu koyon tatsar saniya. Akwai wani dattijon farfesa, duk lokacin da aka ce ya ɗauki darasi, sai ya fara da sallama, ya yi salati, ya gai da ɗalibai, ya tambayi iyayensu da gajiyarsu, kafin ya ce "darasinmu na yau" minti uku sun cika. Bello ya ce masa, "Allah shi gafarta malam, gaisuwar ta yi kyau, saura karatun." Aka yi dariya har da shi farfesan. Akwai kuma wata Malama Zainabu, ba ta cika magana ba, amma ita ke fara zuwa, ita ke ƙarshen tashi.

Doka ɗaya Bello ya kafa, kuma bai taɓa sassauta ta ba. Duk wanda za a ɗauki muryarsa, sai ya fara faɗin sunansa, da sunan mahaifinsa, da garinsu, da wanda ya koya masa abin da zai faɗa. Ya ce haka muka taras a Gwandu. Malami ba ya buɗe littafi a zaure sai ya ce, na karanta wannan gun wane, shi kuma gun wane, har a kai inda aka kai. Ya ce karatun da ba shi da uba ba a amince masa. Na ce masa, "To mu manoma mi ya haɗa mu da wanga?" Ya ce, "Yaya, kai ma gun wani ka ji."

Gaskiyarsa. Ranar da ya ɗauki tawa muryar, na ce ni ne Umaru ɗan Garba daga Ceberu, na ji gun mahaifina, shi kuma gun kawunsa. Na faɗi yadda muke gane ruwan shuka: bayan an ɗauke ruwa ka tura hannu cikin ƙasa, in damshi bai kai wuyan hannu ba, ka mai da irinka buhu, ruwan yaudara ne. Ina cikin magana akuya ta ja hular da na ajiye, na zage ta, Bello ya fashe da dariya. Na ce ya goge, ya ce ba ya gogewa.

A Dangoma akwai Inna Delu, tsohuwar da ta san yadda ake ajiye irin wake da toka ya shekara ƙwaro bai taɓa shi ba. Da aka ce ta faɗi sunanta, sau biyu ta faɗa. Ta ce, "Na ƙara ne don na'urar taku ta riƙe da kyau." A Diggi akwai Buba, manomin shinkafa a fadama. Ya fara da cewa maganarsa ta lakar Diggi ce, sannan ya ce kada a zurfafa iri, a ɗan rufe shi sama-sama, in ya nutse laka za ta shaƙe shi. Mutum arba'in da wani abu muka ɗauka cikin shekara uku. Kowanne ina tsaye a wurin, ko ina zaune a kan bonet ɗin mota.

Yanzu in zo kan wanda ya sa na buɗe baki. Ba zan faɗi sunansa ba, zan kira shi Dakta, ya san kansa. Tare suka yi makaranta da Bello tun suna kwana ɗaki ɗaya. Ya ci tuwo a gidanmu na Ceberu ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Yaya yake ce mini. A tabarmar Asabar yakan zo wani lokaci, ya fi yawan zolaya, kuma shi ya fara ƙirƙiro sunan Malam Rediyo. Ban riƙe shi da wannan ba, wasan abokai ne.

Ranar sadakar bakwai ina kwance a zaure da ƙafa a ɗaure. Ya zo ya durƙusa a gabana, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Yaya, aikin Bello ba zai mutu ba in dai ina numfashi. Ka ba ni kwamfutarsa in ci gaba da shi da sunansa." Hauwa tana cikin takaba. Ban aika an tambaye ta ba. Ban kira shaida ba. Na ce a ɗauko jakar kwamfutar a ba shi. A wurinmu ba a ce wa malami ya kawo shaida, kuma ba a ce wa mai kuka ya rantse. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan laifina ne, na ɗauka, kuma na roƙi Hauwa gafara tuntuni.

Bayan wata biyar cutar korona ta zo, aka rufe makarantu. Malaman da ke dariya jiya suka rasa yadda za su kai ga ɗalibansu. Sai aka ji akwai wani Dakta mai hanyar koyarwa da ƙaramar waya, ba majigi, ba data mai yawa. Aka fara kiransa nan da can yana horar da malamai. Da labari ya iso ni na ce alhamdulillahi, ya cika alkawari. Har addu'a na yi masa. Shekara uku ina yi masa addu'a.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Bara waccan, gab da damina, wani sabon malamin gona ya zo Ceberu ya tara mu a ƙofar mai gari. Mutumin kirki ne, ba shi da laifi. Ya ce zai sa mana abin da aka koya musu a jami'a, sakamakon bincike. Ya danna waya. Sai na ji muryata tana cewa a tura hannu cikin ƙasa. Babu Umaru, babu Garba, babu Ceberu. Daga tsakiya aka fara. Mutane suka juyo suna kallona. Wani ya ce, "Umaru, ashe kai ne binciken?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ya danna ta biyu, sai ga muryar Buba na Diggi, wanda ya rasu shekara guda kafin nan. An yanke inda ya ce shinkafa, an yanke inda ya ce lakar Diggi. Abin da ya rage shi ne kada a zurfafa iri. Malamin gona ya ce to mun ji, bana gero sama-sama za mu shuka. Ƙasarmu jigawa ce, yashi. Na tashi na ce masa wannan maganar fadama ce, ba tamu ba ce. Ya ce shi haka aka ba shi. Yawancinmu ba mu bi ba. Maƙwabcina Ɗanjuma ya bi, ya ce masu boko sun fi mu sani. Zabi da kurciya suka tsince irin cikin kwana uku, sai da ya sake shuka, kuma geronsa bai kamo namu ba har kaka. Ranar na gane dokar Bello ba ta ado ba ce. In ka cire wa magana garinsu, ta zama ƙarya ko da gaskiya ce.

Na ji za a yi bitar malaman jami'a a wani ɗakin taro a Kalgo. Na hau mota na tafi da sandata. A bakin ƙofa an rataye babban ƙyalle da hoton Dakta yana murmushi. Na hango Malama Zainabu, na ce ta karanta mini abin da aka rubuta. Ta karanta. Na ce, "Sunan Bello fa?" Ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ko ƙasa-ƙasa, inda ake sa ƙananan rubutu?" Ta ce, "Babu, Baba Umaru."

Na shiga na tsaya a baya. Ɗaki cike, sanyin na'ura, kowa da kwalbar ruwa a gabansa. Dakta yana bayani da Turanci, ban ji ba, amma na ga hannunsa yana nuna uku, na san minti uku yake nufi. Ya sa misali. Muryata ce kuma. Da aka zo inda akuya ta ja hulata, sai ga dariyar Bello ta cika ɗakin. Ita kaɗai suka kasa yankewa, don ta hau kan maganata. Malamai suka yi dariya tare da shi, ba su san da wa suke dariya ba. Na yi hatsari ban yi kuka ba, an ɗora mini ƙashi ban yi kuka ba. Ranar sai da na fita waje.

Da aka tashi sallar azahar na tare shi a wajen alwala. Ya rungume ni, ya ce, "Yaya Umaru, kai ne da kanka? Ina ƙafa?" Na ce ƙafa tana nan, sunaye nake nema. Ya ja ni gefe. Ya ce ƙa'idar bincike ce, ba a bayyana sunan wanda aka ɗauki muryarsa, don a kare shi. Na ce, "A kare shi daga mi? Inna Delu sau biyu ta faɗi nata." Ya ce ba zan gane ba, abin na masu ilmi ne. Na ce, "Na yarda. To Bello fa? Shi ma kare shi kake yi?"

Ya dubi agogo. Na ce masa ban zo faɗa ba. Na ce ni na kai Bello ko'ina, na san kowace murya, na san garinsu. Na ce ya ba ni yini ɗaya, ya riƙa sawa ina faɗa masa mai ita, a mai da wa kowa sunansa. Ya ce, "Wallahi shawara ce mai kyau, Yaya. Zan kira ka." Shekara biyu ke nan. Lambata ba ta canja ba.

Na tambayi Malama Zainabu ko da gaske akwai wannan ƙa'ida. Ta ce akwai, amma in mutum ya yarda a faɗi sunansa ana faɗa, kuma babu ƙa'idar da ta ce a goge sunan mai aikin. Don haka kada wani ya ce jami'a nake zargi. Gini ba ya cin amana. Mutum ɗaya ne ya durƙusa a gabana, mutum ɗaya na ba jaka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo, na san haka duniya take. Abin da ban sani ba shi ne gardin zai fito daga cikin kwanon tuwonmu.

Bana kuma an ce mini abin ya ci gaba. Akwai na'urar da ake ba magana ta karanta da muryarta. An ba ta maganganun mutanenmu, tana karantawa da Hausar rediyo, da Turanci, babu tari, babu kukan akuya. A da an yanke suna, murya ta rage. Yanzu muryar ma za ta tafi.

Nakan tambayi kaina abin da Bello zai ce in ya ga yau. Ba zan yi masa ƙarya ba don ya mutu. Zai yi murna da ganin ɗaki cike da malamai suna koyon abin da mutum bakwai suka fara a tabarma. Zai so sabuwar na'urar, zai yini yana taɓa ta har a kira shi cin abinci ya ƙi. Ina jin ko a kan sunansa ba zai ɗaga murya ba, don shi mutum ne mai cewa a bar wa Allah. Amma a kan Inna Delu da Buba ba zai yi shiru ba. Shi ya zauna a tabarmarsu, ya sha ruwansu, ya ce musu jikokinsu za su ji sunansu a jami'a. Sun mutu da wannan alkawari a kunnensu. Wanda ya yanke sunayen bai tsaya kan kwashe aikin mamaci ba, ya mai da shi maƙaryaci a wurin matattu.

Me ya rage na Bello? 'Ya'yansa uku, suna karatu. Darbejiyar tana nan a Kalgo, wasu ke zama a gindinta. Malama Zainabu har yau in za ta ɗauki muryar wani sai ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu, kuma in tana koya wa sababbin malamai takan ce, "Na koya gun Malam Bello na Ceberu." Ta ce wasu cikinsu sun ɗauka. Ba su da yawa. Iri ma ba ya da yawa ranar da ake zuba shi.

Akwai kuma katin wayarsa. Wayar ta farfashe a aljihunsa ranar hatsarin, Hauwa ta ciro katin ta adana. Murya tara ce a ciki, duk da sunayensu, har da ta ƙarshe da muka ɗauka a Diggi awa ɗaya kafin tayar ta fashe. Sauran talatin da wani abu suna hannun Dakta. Masu su da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Wanda ya san wace murya ce ta wa, yanzu saura ni kaɗai, kuma na haura sittin, kunnen dama ya fara nauyi.

Dakta, na san kana karanta jarida. Ban ce ka sauke hotonka ba, ka bar shi. Ban ce ka daina bita ba, aikin alheri ne. Yini ɗaya na roƙa. In kunya ce ta hana ka, ka aiko Malama Zainabu da muryoyin, ba sai mun haɗa ido ba. Ku kuma malaman da kuka zauna a ɗakin nan mai sanyi, in an sa muku murya, ku tambaya ta wa ce, kuma wace ƙasa take magana a kai. Dariyar da kuka ji a tsakiya, ta Bello ɗan Garba ce.

Ni ne Umaru ɗan Garba, daga Ceberu. Abin da na faɗa ban ji gun kowa ba, da idona na gani. Na bar tuƙi. Ina ƙofar gida a kan benci, ƙafa a miƙe, geron bana yana rumbu. Wayata da caji.